Ranar da Maƙerina Ya Juya Rigarsa

Mijina maƙeri ne, ɗan maƙeri, a Kamarawa ta ƙasar Isa. Ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kuma har yau in na ji ƙarar masaba daga wani gida sai gabana ya faɗi, in ɗaga kai kamar za ni gan shi ya shigo da baƙin gawayi a goshi. Ban yi karatu ba, ban san rubutu ba. Ɗiyar ƙanwata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya zo ta dakata har in share ido. Na gaya mata kada hawayena su ba ta tsoro, sun saba zuwa. Abin da nake so a ajiye shi ne ranar da na rangaɗa guɗa a filin idi, ni da furfurata, a wurin da ba a guɗa, har liman ya waigo.

Da fitsari abin ya fara. Sai ya zagaya bayan ɗaki ya daɗe a tsugune, ya fito yana gumi. Namiji ba ya gaya wa matarsa irin wannan, ni ma ban tambaya ba. Munka yi ta jiƙe-jiƙe da sassaƙe har ranar da fitsarin ya tsaya cik, mararsa ta kumbura kamar tulu. Anka ɗauke shi zuwa Sabon Birni, daga can anka tura mu Sakkwato. Likita ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne, ya kama wani ɗan ƙululu da kowane namiji ke da shi a ƙarƙashin mafitsara. Ya ce da ƙarfin mazantaka ciwon yake ci yana girma, don haka za a yi aiki a cire 'ya'yan maraina, a bar ciwon da yunwa. Mijina ya dubi ƙasa ya ce a yi. Bayan aikin hanyar fitsari ba ta buɗe ba, sai anka sa masa roba, da jaka a ƙarshenta inda fitsarin ke taruwa. Anka ce duk wata mu je asibiti a Sabon Birni a canja robar.

Ciwon ya lafa, amma mutumin da na dawo da shi gida ban san shi ba. Wanda ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta bai taɓa cewa zafi ba, yanzu yana zaune a inuwa sai wani zafi ya taso masa daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa shi sharkaf, irin wanda na sha lokacin da jini ya ɗauke mini. Nonuwansa sunka tasa suna masa ciwo. Masaba ta yi masa nauyi. Abin da ke tsakanin miji da mata ya kwanta. Ni ban damu ba, jikoki sun cika mana tsakar gida, amma shi ya damu har ya daina haɗa ido da ni. Wata rana na tarar da shi yana hawaye don ɗan akuya ya mutu.

Abin da ya fi ci mini rai, ya bar masallaci. Masallacin yana ƙofar gidanmu, in liman ya yi tari muna ji, kuma tun ina amarya a sahun gaba mijina yake tsayawa. Yanzu ya ce ba shi shiga ɗakin Allah da najasa rataye a jikinsa, ba shi kuma yarda mazan da ya ƙera wa kalme da lauje su ga jakar nan. Sai ya yi sallarsa a ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe. In an tambaye ni in ce basir ne.

Ga shi kuma shekarun fari ne. Damina ta farko gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Ta biyu munka binne iri tun kafin ruwa, ya zauna cikin ƙasa har ɓera da gara sunka cinye shi. Rijiyoyi sunka ja baya. Mu mata sai mu tafi gulbi mu tona yashi, mu jira ruwa ya tsattsafo, mu kwashe da ƙoƙo. A nan ne ya daina shan ruwa. In na miƙa masa moɗa ya ce a bar wa yara. Na ɗauka tausayi ne, ashe so yake jakar ta daina cika. Ita jakar kuwa, da yake babbar riga tana da ƙaton aljihu a ƙirji, nan munka ga ya fi sirri, nan yake cusa ta. An gaya mana abubuwa da yawa ranar da anka sallame mu, amma kanmu ya ɗau zafi, rabi bai zauna ba. Masassara ta riƙa kama shi tana saki, fitsarin ya yi duhu kamar shayi.

Ranar kasuwar Sabon Birni muke zuwa canjin roba, don ranar ce ake samun kabu-kabu, wato mashin na haya. Wata rana mun fito, ya ja rawani ya rufe rabin fuska, muna sauri, sai munka ji murya daga gindin wani icen bedi, wato dogon yaro, da ke bayan katangar asibitin, inda wasu tsofaffi ke zaune kan tabarmi.

"Kai! Wa nake gani haka? Bawana! Maƙeri, zo nan ka gaida ubangidanka!"

Wani dogon Bahillace ne, siriri, da malafa da sanda. Ya daɗe yana sayen gatari da wuƙa a rumfar mijina. Tsakanin Hillani da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi. Mijina ya so ya wuce, amma maƙeri ba ya barin Bahillace ya ci shi da baki a gaban mutane.

Ya kira shi da sunan tsokanar Hillani, ya ce, "Agwai, mi ya fito da kai daga daji? Nagge, saniyar taka, ta kore ka?"

"Naggen fari ya cinye ta. Ni ko abin da ya kawo ka shi ya kawo ni."

Sai Bahillacen ya kama gefen rigarsa ya ɗaga, a gaban kowa, da rana tsaka. Ga wani aljihu an ɗinka daga ciki, can ƙasa daidai gwiwa, ga jaka zaune cikinsa irin tamu sak. Na ja mayafi na rufe fuska. Mijina ya zuba wa jakar ido.

"To ina taka?" in ji Bahillacen.

Mijina ya dafa ƙirji.

"A ƙirji! Jama'a ku zo ku ga maƙeri! Kai da kake zaune bakin gulbi, yaushe ka ga ruwa ya hau tudu? Komawa cikinka fitsarin yake yi, shi ke ba ka masassara. Dama an ce wuta ta gasa muku ƙwaƙwalwa."

Tsofaffin nan sunka fashe da dariya, sai na ji wata dariya kusa da ni wadda na yi wata da watanni ban ji ba. Na leƙo ta cikin mayafi, wallahi mijina ne. Ya cire takalmi ya zauna.

Ashe dukansu ciwonsu ɗaya. Ba wanda ya tara su, jiran canjin roba ne ya haɗa su, har ya zama in an gama ba su watsewa sai la'asar. Ban da Bahillacen, biyu na fi riƙewa: wani tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa kan hanyar Maraɗi, bakinsa ba ya shiru, da wani malamin allo daga Alkalawa, mai magana a hankali. Ranar nan mijina ya amayar da abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Da ya zo kan zafin da ke taso masa, ya yi ƙasa da murya, direban ya daki cinya.

"Haba, wanga ai dukanmu ne! Mun zama iyayenmu mata. Ni har maficin uwargida na ƙwace, yanzu rabon shi muke, ita da safe ni da rana. Nono kuwa, ka ga nawa? Saura kaɗan a kawo mini jinjiri."

Sunka koya masa ya jiƙa gefen rawani da ragowar ruwan alwala ya ɗora a wuya in zafin ya taso. Sunka ce ya naɗa gammo ya zauna kai in zai hau kabu-kabu, robar ba za ta soke shi ba. Da sunka ji ba ya shan ruwa, Bahillacen ya bar wasa, ya miƙa masa goransa ya ce sai ya shanye a gabansa. Ya ce abin da likita ya fi nanatawa ke nan, robar in ba ruwa toshewa take yi.

Mu mata muna can gefe da tamu tabarmar. Matar Bahillacen ta karɓi rigar mijina ta nuna mini inda zan sa allura: ƙasa da ƙugu sosai, a ninka ƙyallen biyu don nauyi, a bar baki a buɗe yadda hannu zai shiga. Ta kuma gaya mini abin da ya fi ɗinkin amfani. Ta ce, "Yaya, bar ce masa ya jiki safe da yamma. Nemi wuƙar da ta dakushe ki ba shi." Da munka koma na tattaro wuƙaƙen gidan duka, har da na maƙwabta. Mijina ya harare ni, amma ya wasa su. Kafin wata ya zagayo ya hura wuta a maƙera, yana ƙananan gyare-gyare a zaune, masassara ta tafi, ya fara ƙorafin miya ba gishiri. Ranar da ya yi wannan ƙorafin na shiga madafa na taka rawa ni kaɗai!

Ranar kasuwa ta zama sallarmu. Tun da sassafe yake tashina, wai kada agwai ya riga shi tabarma. Amma masallaci shiru. Malamin Alkalawa ya zaunar da shi ya ce masa mai lalura ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya zubar da abin da ke cikin jakar, ya yi tsarki, ya yi alwala, ya shiga sahu, shi ma haka yake yi kuma har limanci yana yi wa ɗalibansa. Mijina ya ce, "Allah gafarta malam, na ji, littafi ya yarda. Idon Kamarawa ne bai yarda ba." Kullum ladan zai kira salla, in ga ya ɗaga kai, sannan ya ja ƙofa. Wannan ƙarar ƙofar ita ce ta hana ni sakewa.

Ana nan damina ta yi nisa ba ɗigo, sai anka yi shela za a fita roƙon ruwa. A yi azumi, a yi sadaka, a fito filin idi da hantsi cikin tsofaffin tufafi, maza da yara da tsofaffin mata. Mijina bai taɓa rasa roƙon ruwa ba, ubansa ma haka. Na ga idonsa ya yi haske. Ya ce in ɗauko masa tsohuwar rigarsa, wadda na yi wa aljihu. Ya ce fili ne, ba ɗaki ba, zai tsaya can gefe. Ina murna, ina kaɗe rigar, sai na ga ya koma ya zauna daɓas.

Ya ce, "Ke, kin manta? Ana juya riga."

Na manta kuwa. A sallar roƙon ruwa, in liman ya gama huɗuba ya fuskanci gabas, sai ya juya rigarsa, ciki ya koma waje, maza duka su yi yadda ya yi, ana fatan Allah Ya juya halin da ake ciki. Duk abin da na ɗinka a ciki zai fito fili. Na ce to kada ya juya tasa. Ya ce a cikin dubun maza mutum ɗaya ya ƙi juya riga, ai shi za a fi kallo, kuma shi ba ya zuwa gaban Allah da rabin roƙo. Ya ninke rigar ya tura ƙarƙashin gado.

Washegari kasuwar Sabon Birni ce, ba lokacin canjinmu ba ne. Na ce masa za ni sayo kanwa. Na hau kabu-kabu ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba, na riƙe rigar mai mashin kamar zan yaga ta, ina salati har munka isa. Na samu mutanen bedi na durƙusa na gaya musu. Na ce ko a ɗaure masa jakar a ƙwauri da tsumma, cikin wando, ranar kaɗai.

Bahillacen ya ce, "Ana iyawa, Inna. Amma gobe fa? Da jibi? Bawan nan nawa ba jaka ce ta ɗaure shi ba." Ya dubi sauran. "Yaushe ne roƙon?"

Ban gaya wa mijina komai ba, don ban san abin da za su yi ba. Ranar da hantsi ina daka gumbar sadaka sai na ji rurin mashina a ƙofar gida, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na saki taɓarya na leƙa zaure. Ga su nan suna saukowa, kowa da gammonsa a hannu, kowa cikin tsohuwar riga: Bahillacen, da direban, da malamin Alkalawa, da wasu biyu daga cikin mutanen bedi.

Bahillacen ya ɗaga murya, "Ina maƙeri? Fito! Garinku an ce ba ruwa, mun zo mu taya ku roƙo, mun san bakin maƙera ba ya kaiwa sama."

Mijina ya fito ya bi su da kallo. "Kun san ana juya riga?"

"Mu da muka baro garuruwanmu a kan gammo, kai za ka gaya muna?" in ji direban. "Ɗauko taka, rana tana yi."

Mijina ya dube ni. Ni kuwa rigar tana hannuna, na riga na jawo ta daga ƙarƙashin gado.

Na bi su a baya cikin tsofaffin mata. Mutane suna ta gaishe shi, maƙeri kwana biyu, ya basir, yana amsawa da kai. Filin ya cika, ƙasa ta yi fari fat, yara suna kuka, har dabbobi an koro, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Ba gefe sunka tsaya ba. Bahillacen ya ja hannunsa har sahun gaba, sunka sa shi tsakiya. Anka yi raka'a biyu, liman ya yi huɗuba, mutane suna ta istigfari. Ni dai idona na kan bayan mijina. Allah Ya gafarta mini, ranar ban roƙi ruwa ba.

Liman ya fuskanci gabas ya juya rigarsa. Fili ya ɗauki motsin tufafi. Sai na ga Bahillacen ya zaro jakarsa ya miƙa wa mijina ya riƙe masa, ya tuɓe riga, ya juya, ya mayar, ya karɓi jakar ya sa a aljihun da yanzu yake waje, ƙyallen wani launi daban, kowa yana gani. Direban da malamin sunka yi wa juna haka. Saura mijina. Ya tsaya, hannunsa a kan gwiwa. Bahillacen ya miƙo masa tafin hannu. Sai mijina ya zaro jakar ya ɗora masa a hannu, ya ɗaga rigar sama, ya juya ta, ya zura kai. Ga ɗinkina nan a fili, da baƙin zare, karkatacce, rana tana dukansa. Ya sa jakar ciki, ya ɗaga hannuwansa biyu sama tare da sauran maza.

Ban san lokacin da na kama hanci ba. Guɗa ta fita, doguwa, irin wadda ban yi ba tun auren autata! Mata sunka riƙe ni, wata tana cewa ke hajiya wurin salla ne. Liman ya waigo, ya bi sahun da kallo, ya ga tsofaffin nan da aljihunansu a waje, ya mayar da fuskarsa gabas ya ci gaba da addu'a.

Ba za ni yi ƙarya ba, ruwa bai sauko ranar ba. Sai daga baya anka samu ɗan yayyafi, geron shekarar bai cika rumbun kowa ba. Kuma an yi magana a gari, wasu sun yi dariya, yara sun bi su da kallo har gida. A zaurenmu sunka sha gumba, direban yana kwaikwayon guɗata, mijina yana cewa agwai ya riƙe masa fitsari a gaban duniya, yau an san wane ne bawa. Da azahar ladan ya kira salla. Ina tsakar gida, na kasa kunne ina jiran ƙarar ƙofa. Sai na ji ƙarar buta. Ya zagaya, ya zubar, ya yi tsarki, ya yi alwala, ya bi baƙinsa sunka fita.

Bai ƙara salla a ƙuryar ɗaki ba sai da ciwon ya shiga ƙashinsa, ƙafafu sunka ƙi ɗaukarsa. Kafin nan wani maƙwabcinmu, cikin waɗanda sunka fi dariya, ya zo maƙera da lauje lafiyayye wai a gyara, ya zauna yana kame-kame, daga ƙarshe ya ce shi ma yana daɗewa a bayan ɗaki. Mijina ya ɗauke shi ranar kasuwa ya kai shi gun likita, daga nan gindin bedi.

Da ya rasu mutanen bedi sun zo, waɗanda sunka rage. Bahillacen ya tsaya a zaure, ya ce a gaya mini bawansa ya gudu bai nemi izini ba, sai ya zauna ƙasa ya rufe fuska da malafa. Ni ma nan na zube. Har yau in na tuna sai in yi kuka, ga shi ma ina yi, kuma ba na jin kunyarsa. Ni da mijina mun yi zaman auren da ya fi shekarun wadda ke rubuta wannan, kuma ɗakin ya yi mini faɗi.

An raba kayansa, na ce a bar mini tsohuwar rigar. Matan da mazansu sunka dawo daga asibiti da roba sukan zo su yi sallama a hankali, da riga a naɗe cikin mayafi. Idona ba ya ganin kafar allura yanzu, sai su zura zaren da kansu. Ni dai in ɗauko tasa, in juya ta, in kama hannunsu in ɗora a kan ɗinkin, su ji inda yake.